Jagorar neman tallafin bincike a ƙasar waje ga ɗalibin injiniyanci

Duk wanda ya yi digiri na biyu ko na digirgir a fannin injiniyanci a nan gida ya san wannan tashar. Ka haɗa samfurinka, ka gasa, ka niƙa, ka tankaɗe, ka zuba a 'yan robobi ka liƙa wa kowace lamba, sai aiki ya tsaya cik. Na'urar da za ta gaya maka abin da ka haɗa ɗin babu ita, ko tana nan amma an lulluɓe ta da leda ana jiran wani ƙarfe daga waje. Nawa samfurin wata bakwai ya yi a kwali ƙarƙashin gado, har uwargida ta fara tambaya ko maganin gargajiya na koma sayarwa. Irin wannan tsaikon ne tallafin zaman bincike, wanda 'yan boko ke kira feloshif, yake warwarewa: a ɗauke ka zuwa ɗakin gwaji mai kayan aiki, a biya maka jirgi da masauki da alawus, ka yi aikinka ƙarƙashin wani masani, ka dawo da sakamako.

Abin da zan jaddada tun daga farko shi ne, masu ba da irin wannan tallafi tambaya ɗaya suke saye da kuɗinsu, tare da mutumin da suka gamsu zai iya amsa ta, a ɗakin gwajin da ya yarda ya karɓe shi. Sakamako mai kyau yana buɗe ƙofar farko kawai. Labarin talauci kuwa, komai gaskiyarsa, ba ya cikin abin da ake ba maki a kansa.

Mataki na ɗaya: san irin wanda kake nema

Mutane da yawa sukan ɓata wata guda suna cike fom ɗin da tun asali ba nasu ba ne. Tallafin ya kasu kusan gida uku.

Akwai na cikakken digiri. A nan PTDF take, asusun da aka kafa a 1973 don horar da 'yan Najeriya a fannin mai da iskar gas da abin da ya danganci makamashi. Akwai Commonwealth, tallafin ƙasashen renon Ingila, da aka fara a 1959, akwai MEXT ta gwamnatin Japan da ake nema ta ofishin jakadancinsu, wadda ke son mai nema ya kasance ƙasa da shekara 35. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai tana ba da digiri na biyu a jami'o'in ƙasashe biyu ko fiye, da alawus na Yuro 1,400 a wata. KAUST da ke Thuwal a Saudiyya, wadda aka buɗe a 2009, duk ɗalibin da ta ɗauka tana biya masa kuɗin karatu da masauki da alawus, ba sai ya cike wani fom na daban ba. Guraben digirgir na shirin Marie Curie na Tarayyar Turai kuwa aiki ne mai albashi, ana tallata su a shafin EURAXESS kamar yadda ake tallata kowane aiki, da sharaɗin kada ya zamana ka riga ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce.

Gida na biyu shi ne wanda na fi so mutanenmu su kula da shi, domin an fi sakaci da shi. Kana rajista a jami'arka ta gida, ka je waje na 'yan watanni ka yi gwaje-gwajen da suka gagara, ka dawo ka kare kundinka a nan. Commonwealth tana da irinsa, na wata 12 a Birtaniya ga mai digirgir a jami'ar gida. DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, tana da tsarin da malamai biyu, na gida da na can, suke duba aikinka tare. Shirin RSIF na ƙasashen Afirka, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa, a kan wannan tsarin aka gina shi, kuma Jami'ar Bayero da jami'ar AUST ta Abuja suna cikin masu karɓar ɗalibansa. Ga malamin jami'a mai iyali, wanda barin gida na shekara huɗu zai yi masa wuya, wannan ne ya fi dacewa.

Na uku na waɗanda suka gama digirgir ne. Misalinsa Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus, wanda aka ware wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa: wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da gamawa ba.

Ke kuma 'yar'uwa injiniya, akwai ƙofofin da naki ne ke kaɗai, irin su Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger da aka fara a 2004, da tallafin OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, wanda sai kin duba ko ƙasarki tana cikin jerinsu. 'Yan'uwanmu na Nijar su sani cewa Eiffel ta Faransa ba ɗalibi ke nema da kansa ba, makarantar Faransa ce ke miƙa sunansa, don haka makarantar za a fara shawo wa kai. Su kuma leƙa shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyinsa, wanda Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ke cikinsa a ɓangaren makamashi.

Biyu da kan ruɗi mutane: Chevening ta gwamnatin Birtaniya digiri na biyu ne na shekara ɗaya, shugabanci take dubawa fiye da bincike. Tallafin ɗalibai na NSF, gidauniyar kimiyya ta gwamnatin Amurka, kuma, wanda za ka ga ana ta yi wa masu samunsa barka a shafukan jami'o'insu, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Kada ka wahalar da kanka.

Mataki na biyu: kalanda

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba kanka shekara guda zuwa wata 18. Yawancin na Turai da Birtaniya tsakanin Satumba da Janairu suke rufewa, don tafiyar da za a yi a Satumba ko Oktoba mai zuwa. Zaɓi uku ko huɗu kacal, ka rubuta ranar rufe kowanne daga shafinsa na asali, ba daga saƙon da aka turo a zauren WhatsApp ba, domin sharuɗɗa suna sauyawa kowace shekara. Sannan ka ƙirga baya.

Mataki na uku: tambayar

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin wasan ko a faɗi.

Ɗalibi ya taɓa kawo mini daftari mai taken inganta harkar siminti a Najeriya. Na ce masa, Malam, wannan aikin minista ne, kai kuma wata goma sha biyu gare ka da murhu ɗaya. Muka zauna muka yi ta sassaƙa. Ga yadda irin wannan sassaƙar take tafiya.

Sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya, mafi yawa daga gasa dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, wato kilinka. A jami'ar EPFL ta Lausanne a Suwizalan, Farfesa Karen Scrivener da abokan aikinta na Kyuba da Indiya sun samar da wani haɗi mai suna LC3: kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu kashi 30, farar ƙasa kashi 15, jifsam kashi 5. Yumɓun da ake so shi ne mai sinadarin kawolin, a gasa shi a zafin da ya kai digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyas. To, kawolin kuwa ga shi nan a Ƙanƙara ta jihar Katsina, an daɗe ana haƙarsa. Yanzu tambaya ta fito: yumɓun Ƙanƙara mai ƙarancin daraja, wanda masu haƙa ke turewa gefe, a wane zafi ya fi kama aiki in an gasa shi, kuma wane ƙarfi kankaren da aka yi da shi ke bayarwa a kwana 7 da kwana 28 a yanayin zafinmu?

Dubi abin da wannan tambayar ta ƙunsa. Tana da iyaka. Tana da abin aunawa. Ta haɗu da muhawarar da manyan fannin ke yi a yanzu. Kuma kai ne ke da abin da su ba su da shi, wato yumɓun da yanayin, su kuma suna da na'urar XRD da za ta nuna ko ƙwayoyin yumɓun sun wargaje yadda ake so, da madubin lantarki na SEM. Cinikin ban gishiri in ba ka manda ke nan, kuma shi farfesan waje yake nema.

Haka za ka yi da kowane fanni. Mai lantarki yana da ƙurar hunturu a kan faifan sola. Mai gine-gine yana da tokar ɓuntun shinkafa, wadda in an ƙona ta a wajen digiri 600 zuwa 700 take amfani a siminti, in zafi ya wuce kima kuma ta daskare ta zama ba ta da wani tasiri. Mai aikin ruwa yana da rijiyoyin burtsatse da madatsun da yashi ke cikewa. Abin da kake gani kullum har ka daina ganinsa, shi ne jarinka.

Kuma kada ka jira na'urar waje kafin ka fara. Faifan sola biyu a kan rufin sashenku, ɗaya ana goge shi kowace safiya, ɗaya an bar shi, da mita mai auna wuta da littafi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: wannan ya isa ya ba ka jadawali ɗaya na gaskiya. Jadawali ɗaya da ka auna da hannunka ya fi shafi goma na “za mu yi” nauyi a idon mai tantancewa.

Mataki na huɗu: mai masauki

Humboldt da DAAD da Commonwealth mai zangon wata 12 da tallafin gwamnatin Suwizalan, duk suna son takardar wani malami da ya ce zai karɓe ka. Wannan takardar ita ce rabin aikin.

Hanyar nemo shi tana cikin kundinka. Duba maƙalun da ka fi ambata, na shekara uku ko huɗu da suka wuce. Sunan ƙarshe a jerin marubuta galibi shi ne mai ɗakin gwajin. Shiga Google Scholar ka ga ko har yanzu yana kan wannan aikin. Kada ka tsaya kan manyan farfesoshi kaɗai. Matashin malamin da ya fara kafa ƙungiyarsa ya fi buƙatar hannu, ya kuma fi saurin amsa saƙo. Sannan tambayi malaman sashenku. Akwai wanda ya yi karatu a Malesiya ko a jami'ar Sarki Fahad ta Dhahran ko a Ingila, kuma layi biyu daga gare shi zuwa tsohon malaminsa ya fi imel ɗinka ashirin.

Shi imel ɗin gajere ne, wanda za a karanta a waya ba tare da an gaji ba. Mu mun saba da doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, kuma abu ne mai kyau a muhallinsa, amma a nan gaisuwa layi ɗaya ce. Ka ambaci sunansa daidai da muƙaminsa. Ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake yi. Ka ambaci maƙalarsa guda da abin da ka ɗauka a cikinta, yadda zai san ka karanta. Ka faɗi abin da ka riga ka auna, da abin da ya rage wanda sai a wurinsa. Ka ambaci tallafin da za ka nema da ranar rufewarsa, don ya san ba aljihunsa kake hari ba. Ka maƙala takardar tarihin karatu da aikinka, shafi biyu, da taƙaitaccen daftari shafi ɗaya. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka wuce na gaba. Kada ka tura saƙo ɗaya ga mutum biyar a sashe ɗaya. Tare suke shan shayi.

Mataki na biyar: daftarin bincike

Bi tsarin da suka bayar, da adadin kalmomin da suka ƙayyade, ba ƙari. Sakin layi na farko ya faɗi matsalar da tambayar. Sai abin da aka sani da giɓin da ya rage, a taƙaice, domin mu mun iya cika shafuka da bitar ayyukan magabata har mu manta da namu. Mafi yawan wurin ka ba hanyar aiki: samfuri nawa, daga ina, a wane zafi, da wace na'ura, bisa wane ma'auni, sau nawa za a maimaita. Sa jadawalin watanni. Faɗi abin da za ka yi in gwajin farko ya ƙi. Injiniyan da ya rubuta hanya ta biyu ya nuna ya taɓa shiga ɗakin gwaji.

Ɓangaren amfanin aikin ga ƙasarka, wanda Commonwealth da Georg Forster ke ba nauyi sosai, nan ne ake yawan zuba zance maras tushe, a ce aikin zai kawar da talauci ya samar wa matasa aiki. Faɗi wanda zai yi amfani da sakamakon da sunan sana'arsa: masu buga bulo, masu haɗa sola, hukumar ruwa ta jiha. Faɗi kuma yadda zai kai gare su.

Ka tura wa mai masaukin daftarin ya gyara. Ka ba wani wanda ba ɗan fanninka ba ya karanta shafin farko, domin kwamitin zaɓe ba duka injiniyoyi ba ne. Manhajojin da ke rubuta wa mutum takarda kuwa, ka yi hattara. Ranar ganawa kai za a tambaya.

Nasarorinka ma rubuta su da hujja. “Na iya MATLAB” kowa ya iya faɗa. Faɗi abin da ka ƙera da shi da inda mutum zai gani. Maƙala ɗaya a mujallar da manyan rumbunan tantance mujallun bincike, Scopus ko Web of Science, suka san da ita ta fi goma a mujallun nan masu karɓar kuɗi su buga cikin mako guda. Ni ma na taɓa faɗawa hannun irinsu ina sabon shiga, daga baya da kaina na cire ta daga jerin ayyukana. Buɗe lambar ORCID, wadda ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ce, ka daidaita yadda kake rubuta sunanka a kowace maƙala.

Mataki na shida: takardu da masu shaida

Takardar sakamakon jarrabawa ta jami'a, wato taranskirif, ita za ka fara nema tun ranar da ka yanke shawara. Na san abin da nake faɗa: tawa sai da na yi tafiya uku zuwa tsohuwar makarantata, a ta ukun aka ce fayil ɗina yana ofishin da mai makullinsa ya tafi hutu. Shekarar nan ta wuce ni.

Duba sunanka a fasfo da shaidar digiri da takardar bautar ƙasa da katin ɗan ƙasa. Mu masu Muhammad da Mohammed da Muh'd, da sunan gari a wata takarda babu shi a wata, wannan ƙaramin abu yana iya tsayar da biza. In akwai saɓani, ka yi takardar rantsuwa a kotu tun da wuri. Jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara biyu suke aiki, GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko, shekara biyar, don haka ka auna lokacin rubutawa. Wasu jami'o'in suna karɓar takardar shaidar cewa da Turanci ka yi karatu, wasu ba sa karɓa. Tambaya za ka yi a rubuce.

Masu yi maka shaida su zama waɗanda suka ga aikinka da idonsu. Babban mutum da bai san ka ba zai rubuta layi huɗu na yabo, wanda ba ya ƙara komai. Ka je wurin malaminka da kanka, wata guda kafin lokaci, ka ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da nake nema, ga daftarin, ga ranar rufewa.” Ka bar masa takarda mai tuna masa ayyukan da kuka yi tare. Ka roƙe shi ya yi amfani da imel na jami'a, ya kuma duba akwatin tarkacen saƙonni, don can mahaɗin tura wasiƙar kan faɗa. Saura mako guda ka sake leƙa shi cikin ladabi.

Fom ɗin kansa ka tura shi saura kwana uku. Wuta da intanet ba su san ranar rufewa ba.

Mataki na bakwai: ganawa

Shirya bayanin aikinka na minti biyu, ka maimaita shi a gaban abokai har ya zauna. Za a tambaye ka me ya sa wannan ɗakin gwajin, me ya sa ba za a iya yi a gida ba, me za ka yi in ka dawo. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka auna wannan ba tukuna, ga yadda za ka auna. In ta bidiyo ce, ka tanadi layin waya biyu da cikakken caji da ɗaki mai haske. Kallon ƙasa a gaban manya tarbiyya ce a wurinmu, amma su sukan ɗauke shi rashin tabbas, don haka ka dubi kyamara.

In amsa ta zo da “a'a”, ka nemi bayanin masu tantancewa inda ake bayarwa, ka gode wa mai masaukin, ka tambaye shi ko zai sake tsaya maka baɗi. Yawanci sukan yarda, daftarin kuma ya riga ya nuna.

Bayan an ce an ba ka

Murna kwana ɗaya, sai takardu. Mai zuwa Birtaniya a yawancin fannonin injiniyanci sai ya sami takardar izinin ATAS kafin ya nemi biza. Kyauta ce, amma tana cin makonni, kuma bayanin binciken da za ka sa a ciki dole ya zama wanda kuka amince da shi da jami'ar. Akwai kuma gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. In kai ma'aikaci ne, nemi hutun karatu a rubuce, ka karanta yarjejeniyar dawowa aiki kafin ka sa hannu, ka san shekara nawa ta ɗaure ka. Tambayi ko tallafin ya haɗa da iyali da inshorar lafiyarsu, kada ka ɗauka. Ka tanadi kuɗin wata na farko a aljihunka, don alawus ba ya shiga sai ka buɗe asusun banki a can, mai gida kuma yana son kuɗin ajiya tun ranar karɓar makulli.

Ka zauna da malaminka na gida da mai masaukin, ko ta imel ne, ku rubuta wa zai shiga maƙala da wane jeri, da kuma wa ke da bayanan da za a tara. Maganar tana da nauyin faɗa tun ba a fara aiki ba, amma ta fi nauyi bayan sakamako ya fito.

Sai samfurin. Ƙasa da yumɓu da toka da ruwa ba a cusa su a jaka tsakanin kilishi da yaji. Ƙasashe da yawa suna da doka mai tsauri kan shigo da ƙasa da kayan tsiro. Tambayi mai kula da ɗakin gwajin can irin takardar da ake buƙata da adadin da zai isa, ka aika ta kamfanin aika kaya da wasiƙar jami'a mai bayyana abin da ke ciki, wata guda kafin tashinka. Ka raba kowane samfuri biyu, rabi ya tafi, rabi ya zauna a gida da lambarsa da ranar ɗibarsa da wurin da aka ɗebo shi, ko da kwalin zai ɓace a hanya.